Haƙorin Makkan Ojoo

Ruwan da Lailatu ta kurkure baki da shi bai fito ta inda ya shiga ba. Ta hanci ya zubo, da ɗumi, da wani wari kamar na kifin da ya yini a rana. Ta tsaya a tsugune bakin makwarara, buta a hannu, tana kallon ɗigon da ke sauka a kan zanenta. Ta sake ɗiban ruwa ta gwada. Wannan karon wani abu mai tauri ya faɗo mata a tafin hannu.

Haƙorin gwal ɗin ne. Amma 'yar ƙusar da aka ɗora shi a kai ba ta biyo shi ba.

Ta kai harshe wurin, ta ji rami. Ta lalubi ƙasa, ta karkaɗe zane, ta sa yatsa cikin makwarara. Babu. Sai da ta kai goshi ƙasa a sujadar farko ta azahar ta gane inda ƙusar take. Wani abu ya gangaro a cikin kumatunta, can ƙarƙashin idon dama, ya tsaya. Da ta ɗago, ya koma.

Ba ta san da wace sura ta ƙarasa sallar ba.

*

A shekarar nan ta sauke farali. Mijinta Mahmuda, mai fataucin goro tsakanin Ibadan da Kano, ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya biya mata kujera. A Makka ta bi ayarin mata wurin sa haƙori, amma da likitan ya haska bakinta sai ya girgiza kai. Na kusa da fiƙarta na sama ya ruɓe har saiwa. Ya cire shi, ya sa tafinta ya gaya mata sau biyu: ƙashin wurin bai fi ɓawon ƙwai kauri ba, kuma samansa akwai wani kogo da ya haɗu da hanci. Kada a dasa komai a nan sai an yi aiki an ƙara ƙashi, an jira watanni ya kama.

Haka ta dawo Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, da giɓi, sa'anninta na ta walƙiya da baki.

"Hajiya, yi mana dariya mu ga Makka," in ji matan da suka zo barka. Da ta yi, sai suka ga giɓi. Can wata ta ce, "Anya kin wuce filin jirgin Ikeja kuwa?"

Kafin sati ya zagayo, sunan ya bi ta. Har yaran da ake aikowa sayen dambunta ta taga cewa suke, "Hajiyar Ikeja, a zuba da yaji." Ta daina zuwa suna. Ta koyi dariya da baki rufe.

Hajiya Barakatu ce ta kawo mafita. Ita ce uwargidan mai gidan da Mahmuda ke sauke huhunan goronsa, wanda ya ba su ɗakunan da suke ciki, wanda kuma ke tsaya masa a wurin masu saye. Ta jira Mahmuda ya yi Arewa, sannan ta shigo.

"Oya, ɗauko mayafi. Akwai wani Ladan mai sa haƙori a Ojoo, bayan tasha. A Jidda ya koyo."

"Hajiya, likitan can ya ce a jira."

"Likitan can Balarabe ne, zancen ƙashin Larabawa yake yi. Naki da tuwo aka gina shi. Ko kin fi son sunan da aka sa miki?"

Ɗakin Ladan na bayan shagon wani tela. Kujerar aski ce, da tire, da kwalbar da allurai ke jiƙe a ciki. Ya soka mata allura, ya danne mata goshi da hannu ɗaya, ya shiga murɗa ƙusa da ɗayan. Tana jin ihun kwandastoci a waje lokacin da wani abu ya ce ƙas a cikin kanta.

"Ya zauna ke nan," in ji Ladan. "Hajiya, a yi murmushi."

Ta yi murmushi a sunan gidan Ashatu. Ta yi a bikin 'yar liman. Sunan Ikeja ya mutu.

*

Kwana biyu bayan ɓatan ƙusar, kumatun ya tashi kamar an hura. Idon dama ya fara rufewa. In ta sha koko, ta hanci yake dawowa, don haka ta daina ci. Ta daina sujada, sai nuni da kai, don ta ƙudura a ranta cewa duk sunkuyo ɗaya ƙusar na ƙara matsawa wajen ido, daga nan kuma sai ƙwaƙwalwa. A zaune take barci, jingine da bango, tana sauraron cikin fuskarta.

Hajiya Barakatu ta leƙo, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Baki ne. Kin cika washe shi a taro. Zan aiko da hayaƙi." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Kuma ni ban kai kowa ko'ina ba, Lailatu. Kin ji ko?"

"Na ji, Hajiya."

Ranar da Mahmuda ya dawo, ta ji sallamarsa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Maman Talha, yau kuma kunyar amarci ce ta dawo?" Ya ajiye jaka yana dariya, sai dariyar ta tsaya. "Me ya mutu a ɗakin nan?"

"Mura ce."

"Buɗe in gani."

"Don Allah, Malam."

Ya janye mayafin da kansa. Ta ga fuskarta a cikin fuskarsa, a yadda ya ja baya har ya take buta. Ta kwance bakin zanenta inda ta ƙulle haƙorin, ta nuna masa shi, ta faɗa masa komai cikin muryar da ke fita ta hanci. Da ta ambaci Barakatu, ya waiga ƙofa, ya sauke labule.

*

A babban asibiti, likitar, wata Bayerabiya mai furfura, ta ɗaga hoton ƙashin saitin fitila. Ga ƙusar nan fara fat, kwance a karkace, kusa da ramin ido.

"Pele, Alhaja," ta ce, wato sannu, ta ci gaba da Yarbanci, wanda Lailatu ta tashi da shi a bakinta. "Wannan ba ƙusar haƙori ba ce, ta gyaran rediyo ce. Ko ta gaske ce ma, ba a kafa ta a ƙashin da bai warke ba. Ruɓar ta kusa kai wa ido. Yau za mu shiga ta ƙarƙashin leɓe."

"Zan makance?"

"Ban sani ba tukuna. Wa ya yi miki wannan? Ke ce ta uku da na gani, kuma kowacce cewa take a Makka ne."

Lailatu ta dubi mijinta. Mahmuda na kallon takalminsa. Ta tuna ɗakunansu, da huhunan goron da ke jibge a zauren mai gida, da ɗansu Talha da ke karatu tare da 'ya'yan Barakatu.

"A Makka ne," ta ce.

Likitar ta daɗe tana kallonta, sannan ta kira nas.

*

Idon ya tsira, amma da hazo a cikinsa. Haƙora uku na sama sun tafi tare da ƙusar. Aka sallame ta da ɗinki a dasashi, da gargaɗin kada ta yi magana mai tsawo, kada ta fyace hanci.

Washegari da hantsi Hajiya Barakatu ta shigo da kwanon farfesu, wanda Lailatu ba za ta iya sha ba. Ta zauna bakin gado ta yi jaje, ta gode Allah, ta yaba hankalin Lailatu.

"Ai na ce wa Alhajina, yarinyar nan 'yar halak ce." Ta gyara zama. "Af, gwal ɗin fa? Yana nan ko? Ladan ya ce in karɓo masa. Mas'udar gidan Hadi na so kafin bikin ƙanwarta, girman haƙorinta ɗaya da naki. Wankewa kawai zai yi."

Lailatu ta damƙe bakin zanenta, inda haƙorin ke ƙulle. Ta buɗe baki, ɗinkin ya ja, wani sauti ya fito ta hanci wanda ba kalma ba ne.

"Me ta ce?"

"Godiya take yi, Hajiya," in ji Mahmuda daga bakin ƙofa.

Ya matso ya durƙusa gabanta, bai yarda sun haɗa ido ba. Ya shiga buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron ya ji mata ciwo.