Godiya ga Mai Bita na Biyu

Shekara goma sha bakwai na yi ina bin masu gawayi da masu itace da littafin rubutu a hannu, tun zamanin da in ka ce kana bincike a kan abin da mutane ke hura wutar girki da shi, sai a dube ka kamar wanda ya rasa aikin yi. A sashenmu na nazarin tattalin arziki har suna aka laƙaba mini, Malam Gawayi, kuma ina amsawa, don wuyan rigunana ma shaida ne. Kwatsam sai duniya ta juyo. Kowace mujalla, kowane taro, maganar ɗaya ce: yadda za a rabu da fetur da kwal da sare itatuwa, a koma tattalin arzikin da ba ya ɓata muhalli. Na ce alhamdulillahi, yau dai an zo ƙofata. Ashe ba ƙofata aka nufa ba, ofishin da ke kallon nawa aka zo, wurin Auta.

Auta ƙanin matata ne. Da birona aka cika masa takardar shiga jami'a, ni na koya masa yadda ake jera sunayen littattafai a ƙarshen maƙala. Yanzu shi ma dakta ne, sashenmu ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa taka kasuwar gawayi ba. Aikinsa ya zauna gaban kwamfuta da farar riga, ya shiga manyan rumbunan mujallu na intanet, ya buga kalma uku ko huɗu, a zubo masa maƙala dubu huɗu. Sai ya sa manhaja ta ƙirga masa: wace kalma ta fi yawa a wace shekara, wa ya ambaci wa, ina masu bincike suka dosa. Daga nan ta zana masa taswira mai da'irori ja da shuɗi, kamar balan-balan ɗin yara. Wai bincike a kan bincike. Mu mu yi noman, shi ya zo ya ƙirga buhuna.

Ana cikin haka jami'a ta sanar za ta buɗe cibiyar nazarin wannan sauyi, kuma ana neman wanda zai shugabance ta. Mu biyu muka nema, ni da shi. Kwamiti zai zauna bayan wata biyar. Ni saura shekara shida in ajiye aiki, in kujerar nan ta wuce ni babu wata a gaba. Abu ɗaya ya rage wa Auta ya sha gabana, maƙala a babbar mujalla, kuma kowa ya san ya aika da ita yana jiran amsa.

A gida ma ban huta ba. Uwargida ba ta da zance sai Auta ya ce, Auta ya yi, an gayyaci Auta taro. Ranar da na yi tsaki a kan abinci ta dube ni ta ce in faɗi gaskiya, kishin yaron nan nake yi. Na ce mata Allah ya kiyaye, ni da ɗan cikina? Ƙarya na yi mata. Kishi nake yi, irin wanda ke hana mutum jin daɗin shayin safe.

Wata ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo mini daga editan wata babbar mujalla, yana roƙon in yi bitar wata maƙala. A wannan sana'a tamu haka ake yi, a cire sunan marubuci a aika wa mutum biyu su duba, shi bai san su ba, su ba su san shi ba. Ina buɗewa na ga balan-balan. Ko ba suna na san aikin wane ne, har wannan "bugu da ƙari" da yake fara kowane sakin layi da shi. Editan bai san ofisoshinmu na kallon juna ba, don adireshin da yake da shi nawa na wata jami'a ne da na yi shekarar hutun bincike a can, inda na fitar da maƙala ɗaya tilo da intanet ta san da zamanta.

Ƙa'ida a bayyane take, ni ma ina koyar da ita. In ka gane marubucin, balle surukinka ne kuma kujera ɗaya kuke nema, sai ka rubuta ka ce a ba wani. Wanda ya ɓoye aka gano shi, gaban kwamitin ladabtarwa zai tsaya. Na sa hannu zan rubuta uzurin, sai na ce bari dai in leƙa taswirar. Na ga da'irar sola ƙatuwa, na ga ta motoci masu lantarki, na ga ta harajin hayaƙi. Na nemi gawayi, na nemi itace, na nemi murhu. Babu, ko ɗigo. Shekara goma sha bakwai, kuma yaron da na rena ya zana duniyar binciken nan ba ni a ciki.

Ranar Asabar bayan azahar na kulle ƙofa na rubuta shafi biyar. Ban rage masa komai ba. Na ce marubucin nan bai san fagen da yake magana a kai ba. Na ce rumbunan da ya dogara da su ba sa ganin rabin binciken da aka yi, don mafi yawansa yana cikin ƙananan mujallun sassa da kundayen ɗalibai da ƙura ta rufe a sito, kuma masu shi ba su taɓa rubuta kalmomin zamanin da ya buga a kwamfuta ba, gawayi suka rubuta da itace. Na ce in da gaske yake ya tashi daga kujera ya je ya shaƙi ƙura. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma zuciya ta ɗebe ni, na jera masa maƙala shida da na ce wajibi ne ya karanta. Duk shidan nawa ne.

Ni ne mai bita na biyu, na ba da shawarar a yi watsi da ita. Mai bita na farko ya yabe ta, don haka edita ya raba gardama, ya ce a gyara a dawo da ita.

Bayan kwana tara aka ƙwanƙwasa ƙofata. Auta ne, da takarda a hannu. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi yara, ya zauna a bakin kujera.

"Yaya, mai bita na biyu ya ce in karanta waɗannan guda shida," in ji shi. "Na duba intanet, na duba laburare, babu. Na ga kamar a kabad ɗinka kaɗai za a same su."

Ya faɗa ba dariya ba fushi, yana kallon kabad ɗin, ba ni ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini. Duk duniya wa zai san da maƙalun da aka buga kwafi ɗari, in ban da wanda ya rubuta su? Na tashi na ciro su, na kaɗe ƙurar na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya ƙara girma. Na yi kwanaki ina jiran uwargida ta tare ni da maganar, ko shugaban sashe ya aiko a kira ni. Shiru. Bai gaya wa kowa ba.

Abin da ya yi ya fi kai ƙarata ciwo. Ya bi maganata. Sati bakwai farar rigar nan tana cikin siton laburare, daga nan ya bi jami'o'i huɗu yana buɗe kwalaye. Na riƙa ganinsa yana dawowa yana atishawa, gwiwoyin wandonsa fari fat da ƙura. Ya tono aiki ɗari uku da wani abu da babu rumbun da ya san su, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya sake zana taswirar. Da edita ya maido mini da gyararriyar maƙalar in sake dubawa, sai ga makamashin girki ya zama da'irar da ta fi kowace girma. Ya canja kan maƙalar gaba ɗaya, ta koma magana a kan binciken da rumbuna ba sa gani. Nawa shida suna ciki, layi shida a wani dogon jadawali a shafi na ashirin da uku.

Na karanta ta sau biyu ina neman inda zan kama, ban samu ba. Tana da kyau. Na rubuta a buga. A ƙarshenta akwai layi biyu: marubucin yana godiya ta musamman ga mai bita na biyu, wanda ba a san sunansa ba, wanda tunaninsa ne ginshiƙin wannan aiki.

Ranar zaman kwamiti aka tara mu a ɗakin taro na sama, mai fankar nan da ke ƙara. Kowa zai yi bayani na minti ashirin a gaban ɗan'uwansa da sauran malamai. Ni na fara. Na yi maganar matan da na bibiyi girkinsu shekara da shekaru, da yadda suke komawa gawayi duk lokacin da tukunyar gas ta ƙare. Aka saurare ni da ladabi, irin sauraron da ake yi wa dattijo. Auta ya tashi ya haska taswira biyu a bango, ta da da ta yanzu, sai na ga mutane suna gyara zama.

Shugaban kwamitin wani tsohon farfesa ne da ba ya yabon kowa. Ya cire tabarau ya tambayi Auta ta yaya wannan tunanin ya zo masa, ya bar kwamfuta ya shiga sito.

"Ba nawa ba ne, ranka ya daɗe," in ji Auta. "Mai bita na biyu ne ya nuna mini hanya. Ni bi kawai na yi."

Tsohon ya gyaɗa kai ya ce irin waɗannan su ne malamai, masu gyara aikin wani ba tare da neman a san su ba. Ya ce da irin wannan mutum yana cikin masu neman kujerar nan, da shi bai ga amfanin zaman ba ma. Aka yi 'yar dariya. Kalma ɗaya ce tsakanina da kujerar, in ce ni ne, kuma kalmar ce za ta kai ni gaban kwamitin ladabtarwa. Auta yana tsaye yana tattara takardunsa, ya ƙi ɗago kai. Rufa mini asiri yake yi a gaban kowa, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar lokacin ba.

Sai tsohon ya juyo wurina.

"Malam, kai ka daɗe a fagen nan, ka san mutanensa. Ko kana da zaton wane ne?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," na ce.

Ranar Litinin takardar naɗin ta fito da sunan Auta. Shugaban sashe ya ce tunda ni ne babba, kuma suruki, ni ya dace in karanta ta a taron malamai. Na tashi na karanta.