Karen Gadin Inji Na Uku

A cikin aji, ranar wata Litinin ta shekarar 2006, Ashafa ya gane abin da ya cinye hannun Idi.

Su tara ne a ajin, a saman wani bene a Bompai, suna koyon rubuta furogiram ɗin da ake zubawa a ɗan cip ya tafiyar da inji. Ashafa mai gyaran wuta ne a wani kamfanin fata a Challawa. Da kansa ya koyi abin, da tsoffin littattafai, yanzu satifiket yake nema. Malaminsu, Malam Sulemanu, mutumin Kagoro, ya tsaya a gaban allo yana lissafa abin da za a duba ranar Asabar, ranar jarrabawa. Ka san wane aiki zai jira, wane ne ba ya jira. Ka san inda kowane abu yake zaune a cikin cip. Sai ya ajiye alli.

"Sannan karen gadi," in ji shi. "Ɗan agogo ne a cikin cip. Furogiram yana taɓa shi a kai a kai, kamar ya ce ina nan da rai. In ya ji shiru, sai ya kashe komai, inji ya tsaya. Wanda ya cire shi don ya dame shi da haushi, kada ya zo mini nan ranar Asabar."

Aka yi dariya. Ashafa bai yi ba.

Shekara biyu da suka wuce, injin kankare fata na uku ya riƙa tsayawa duk lokacin da wuta ta ɗauke aka koma janareta. Fata ta maƙale, ta lalace, manaja ya yi ta faɗa. Ashafa ya buɗe furogiram ɗin, ya ga layin da ke tsayar da injin, ya goge shi. Layi ɗaya. Injin ya daina tsayawa, manaja ya dafa masa kafaɗa a gaban kowa. Bayan wata huɗu wuta ta girgiza da hantsi, furogiram ɗin ya daskare, fata ta ja hannun Idi, mai aiki a injin, zuwa cikin wuƙaƙe. Mutum uku suka danna jan botin tsayar da inji. Injin bai ji ba. Sai da wani ya ruga ya kashe wutar ɗakin gaba ɗaya.

Ma'aikata suka ce injin yana da aljani. Har yau ba mai shiga wurin sai da bisimilla. Ashafa ma ya yi ta bisimilla tare da su, shekara biyu.

Bayan an tashi daga aji, a motar Kumbotso ya zauna kusa da taga, yana jin ƙarar nan a kunnensa. Ba ihun Idi ba. Ƙas, ƙas, ƙas ɗin botin da ake dannawa.

Ranar Asabar kowa zai kawo furogiram ɗin da ya yi aiki a kansa, wanda yake tafiyar da inji na gaske. Nasa ɗaya ne, wannan. Zai iya maida layin a takardar da zai kai Bompai, ba wanda zai sani. Amma cip ɗin da ke cikin injin shi ne dai na da, kuma yanzu Ado ne ke tsayawa a gabansa, mai 'ya'ya huɗu. Ba a buɗe akwatin inji sai da makulli, makulli kuma yana wurin mai gadi, kuma sai ka faɗi dalili an rubuta. Mai gadin shi ne Idi. Aikin da kamfani ya ba shi ke nan bayan ya fito daga asibiti.

Talata ta wuce. Laraba Ashafa ya tsaya daga nesa yana kallon Ado yana tura fata da tafukansa biyu, fitilun ɗakin suka yi ƙasa suka dawo.

Alhamis da hutun azahar ya je get ɗin kamfani. Idi yana kan benci, ya maƙale kwano tsakanin gwiwoyi yana cin garau-garau da hagu, hannun rigarsa na dama a naɗe da fil.

"A'a, injiniyan Bompai. An ce Asabar za a ba ku takarda. To ka tuna da mu, ko fanka ce ka sa mana a ɗakin nan."

"Makullin na uku nake so."

"Amaryar tawa? Me ta yi kuma? Ta riga ta karɓi sadakinta."

Ashafa ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da kayan aikinsa. Bai iya kallon fuskarsa ba, sai kwanon.

"Babu aljani a injin nan, Idi. Akwai abin da aka sa don ya tsayar da shi. Ni na cire."

Ya faɗa masa duka, a hankali, yadda Malam Sulemanu ya faɗa musu. Idi ya daina tauna. Wata tirela ta wuce da warin ɗanyar fata, ba wanda ya ɗaga kai.

"Ka sani lokacin?"

"Ban sani ba."

"Yaushe ka sani?"

"Litinin."

"Litinin," in ji Idi. Ya juya kai wajen ɗakin inji. "Kwana uku ke nan Ado yana tsaye a wurin."



Idi ya ajiye kwanon. Ya miƙe, ya ciro makulli daga ƙusa, ya jawo littafin get ya danne shi da dungulmin hannunsa. Rubutun hagu bai gama zauna masa ba, sai ya tura littafin gaban Ashafa.

"Rubuta da kanka. Yadda ka faɗa mini. Manaja yana karantawa duk yamma."

"In ya karanta, ba ni ba aiki. Ba ni ba Asabar."

"Na sani."

Ashafa ya karɓi biro. Ya rubuta kwanan wata, ya rubuta sunansa, ya cika rabin shafi. Idi ya bi layukan da ido har ƙarshe kafin ya saki makullin.

"Yi sauri," in ji shi. "Ƙarfe biyu Ado zai kunna."