Abin da Hammawa Ya Faɗa a Bakin Rijiya

Magana ɗaya Hammawa ya yi, a bakin rijiyar hanyar Giade, cikin ranin shekarar da aka fara yi wa shanu allura. Ya ja Bappayo, ɗan baffansa, gefe ya ce, "Kada ka shayar da naka a komin da nawa suka sha."

Bai ambaci bushiya ba, annobar nan ta shanu. Amma mata masu ɗiban ruwa sun ji, kuma kowa ya san ciwon da ke sa makiyayi faɗin haka. Kafin la'asar kasuwar shanun Azare ta watse, mahauta sun rufe, wasu rugage sun kama hanyar Disina. Washegari dogarai suka zo suka tafi da Hammawa gaban alƙali.

Alƙali bai ɗaga murya ba.

"Ana tuhumarka da baza jita-jita da tayar da hankalin jama'a. Da idonka ka ga ciwon, ko ƙirƙira ka yi?"

Hammawa ya dubi tabarma. Shanu uku ya baro a bayan ruga cikin sabara, idanunsu na hawaye, bakinsu na dalala. In ya ce ya gani, malaman dabbobi za su zo, a kashe marasa lafiya, a ƙone har fatunsu, a killace sauran ba kiwo. Garken ubansa ne. In ya ce ƙarya ce, ɗauri ne kawai.

"Allah ya gafarta Malam, ƙirƙira na yi. Mun yi faɗa ne kan layin ruwa."

"Bappayo, haka ne?"

Bappayo ya dubi Hammawa. "In ya ce haka ne, haka ne. Yayana ne, bai taɓa yi mini ƙarya ba sai wannan."

Wata uku aka yanke wa Hammawa. Har ya ji sanyi a ransa. Sai alƙali ya juya ga muhutinsa, mai taimaka masa a kotu.

"Tunda ƙarya ce, a yi shela. Rijiya lafiya take, kowa ya koma ya shayar."

Wani dogari mai suna Saleh ya sa Hammawa gaba. Suna daf da ƙofar gidan yari ya ji gangar shela daga wajen kasuwa, mai shelar na kiran sunansa, yana cewa maƙaryaci ya amsa laifinsa. Ya ja ya tsaya. Shanun Bappayo sun kwana ba ruwa, su za su fara isa komin.

"Mai da ni gaban alƙali. Akwai abin da ban faɗa ba."

"Yanzu ka tuna, Agwai?" in ji Saleh, da laƙabin tsokanar Fulani. "Malam ya tashi. Gobe kuma Juma'a. Sai Asabar."

"To, a aika wa Bappayo."

"Ya tafi tun ɗazu. Na gan shi yana sauri, wai zai riga mutane kama layi."

Saleh ya tura ƙofar, ya ce masa ya sunkuya, ƙofar gajera ce.