Shuɗiyar Fitilar Utako

Shekara goma sha ɗaya Meshach yana gyaran wuta a wani ɗakin binciken magunguna a Gwarinpa, kuma abu guda ya zaunar da shi a wurin: kafin oga ya ga abu ya lalace, ya riga ya gyara, bai faɗa wa kowa ba. Haka masu sana'arsa suke tsira da mutuncinsu.

Dakta Amatullahi, mai bincike a wurin, ta taɓa yi masa bayanin akwatinta mai shuɗiyar fitila. Ta ce abin da ke cikin 'yar kwalbar da take sakawa a akwatin sunansa feftaid, wato ƙwayoyin sinadarin amino asid ne a jere kamar carbi. So take ta maƙala wani abu a jikin ƙwaya ɗaya tak, ba tare da zaren ya tsinke ba. Akwai wani gari ruwan ɗorawa da take zubawa, shi ke yin aikin, amma ba ya motsi sai ya sha haske, hasken ma nasa na musamman. Meshach ya gyaɗa kai. Shi dai shuɗi ya gani.

Wata Talata da sassafe ya tarar fitilar ta ƙone, ya kuma san shi ya taɓa wayar bangon jiya. Bai tsaya ba sai kasuwar Utako. Ya sayo igiyar shuɗiyar fitila irin wadda masu aski ke kewaye madubi da ita, ya naɗa ta cikin akwatin tsaf. A ido har ta fi ta da kyau.

A ranar ne Dakta ta saka kwalbarta ta ƙarshe. Wata bakwai ta yi tana haɗa abin da ke ciki, manya kuma sun ce in wannan gwajin bai yi ba, a rufe aikin. Yana tsaye ta rufe murfin da bismilla. Ya ɗauki kayan aikinsa ya fita.

Bayan kwana biyu na'urar gwaji ta nuna babu abin da ya maƙale, zafin fitilar kuma ya dafa feftaid ɗin. Dakta ta sa aka kira shi.

"Baba Meshach, tsakaninka da Allah, wani abu ya taɓa akwatin nan?"

Ya tuna shekarunsa, ya tuna masu gyaran wuta nawa ke zaman banza a bakin titin Jikwoyi, duk sun fi shi ƙarfin jiki.

"Ranki ya daɗe, wuta kam lafiya lau. Ga ta nan tana ci."

Ta dubi hannuwanta. "To, ni ce ke nan."

Ta rubuta da hannunta cewa hanyar ba ta aiki. Aka mayar da ita ofis tana duba takardu, shi kuma aka sa shi ya kwance akwatin. Ranar da take kwashe kayanta ta tsaya a ƙofa ta nemi yafiyarsa kan tambayar da ta yi masa, ta ce ranta ne a ɓace.

Meshach ya ce ba komai, ya yafe.