Baƙin Goggo Laraba

Shekara biyu na yi ina rainon wasu ƙwayoyin bakteriya da na ɗebo daga teku a Legas, kuma a kansu digirina ya dogara. Da yajin aiki ya rufe jami'a, ɗakin bincike ya zauna ba wuta, sai na kwaso su a kwalba uku na taho gida Daura. Na jera su a rairayi mai laima, gindin randar Goggo Laraba, yayar babana.

"Ruwan me kike ta lallaɓawa haka, Zubaida?" in ji ta.

Na ce akwai masu rai a ciki, miliyoyi, ido ba ya ganinsu. Teku cike take da irinsu.

"Me suke ci?"

"Kusan ba komai, Goggo."

Ta ƙura wa kwalaben ido. Da ina da wayo, da kallon nan ya tsorata ni. Matar da ko mai gyaran famfo ba ya fita gidanta bai sha fura ba, ita na gaya wa tana da baƙi miliyoyi masu kwana da yunwa.

Na tafi biki Mai'adua, na kwana biyu. Da na dawo, kwalba biyu sun yi fari kamar ruwan tsari, ga wari.

"Romo na ɗiga musu," in ji Goggo, tana fara'a. "Dubi yadda suka yi ƙiba."

Na zauna daɓas. Na ce waɗannan da ƙarancin abinci suka saba, maiƙo kashe su yake yi. Masu ƙibar nan wasu ne daban, 'yan cin banza da suka biyo cokali.

Sai na ɗago ta ukun. Tas take, kamar yadda na bar ta.

"Wannan fa, Goggo?"

"Ke kuwa. A gidan shanu na tashi. Wa ke ba garke duka sabon abinci rana ɗaya? Ana ware wasu, a ga yadda ta kaya."

Abin da farfesanmu ya yi zango guda yana cusa mana ke nan. Na rungume kwalbar, ina dariya ina share hawaye.

Goggo ta leƙa ta da tausayi. "Allah sarki, bayin Allah. To ke zo ki cinye rabonsu."