Sunan Farko a Salsalar MacOrran

"Ka sha shayin nan ko in juye maka shi a ƙeya," in ji Murdina. "Tun daga gida kake ta motsa baki kamar tunkiya mai tuƙa."

Dugald bai kula matarsa ba. Yana zaune a ɗakin shan shayi na jirgin fito, hannu biyu a kan sanda, ido a rufe, yana jero sunaye can ƙasan maƙoshi. Ya kai kan Lachlan Gurgu ke nan jirgin ya yi tangaɗi, shayin ya fantsama a kan kilt ɗinsa, zanen maza na gargajiya da ba ya ɗaurawa sai ranar babban sha'ani.

"Kin gani ko? Kin sa na ɓata kayana."

"Ni ce tekun?"

Da safen nan aka bugo waya daga asibitin Oban. Torquil, shugaban dangin MacOrran, jiki ya ƙi, likitoci sun ce a tara 'yan uwa. Mu kuwa a tsibirin Ulsay ba ma barin shugaba ya tafi haka nan siddan. Mai jero salsala yakan tsaya a ƙafar gado ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, har ya dangana da Orran, wanda ya tsallako daga Ireland sama da shekara dubu da suka wuce. Amma ba da sunan majinyacin ake farawa ba. Da na magajinsa ake farawa, don mai tafiya ya ji da kunnensa an ɗora wani a kansa, ya koma na biyu, hankalinsa ya kwanta. Wanda aka fara ambata shi ne shugaba a wurinmu. Masu takardun hukuma na birnin Edinburgh su yi nasu daga baya. Ba mu taɓa hana su ba, ba mu kuma taɓa jiran su ba.

Dugald ne mai jerowa, kamar ubansa da kakansa. Kuma in akwai abin da yake taƙama da shi a duniya, to salsalar nan ce. Wane ɗan wane, ɗan wane, ɗan wane, ba tsinkewa ba ɗinki. In ya sha kofi biyu a mashaya yakan ce wasu dangogin sai da suka yi hayar malamai suka like musu asali, mu namu a ka yake. Gaskiya ya faɗa, ko da yake mun gaji da ji.

To ga inda gizo ke saƙa: Torquil bai haifi namiji ba. 'Yarsa ɗaya, Ishbel, likitar dabbobin tsibirin. Sai kuma Ranald, ɗan ƙanensa, malamin makaranta, haifaffen Kanada, can kuma yake zaune.

"Wa za ka fara kira?" Murdina ta tambaya tana goge masa kilt ɗin da ƙyalle.

"Ke ma kin sani."

"Da bakinka nake so in ji."

"Namiji, Murdina. Tun daga Orran ba a taɓa jin sunan mace a ciki ba, kuma ba a bakina za a fara ba."

"Oho. Shi Orran ɗin daga ramin zomo ya fito?"

"Kada ki fara."

"Ita dai yarinyar nan..."

"Yarinyar da ta tsaya a tsakiyar kasuwar tumaki ta ce ragona na da ciwon kofato?"

"Ba shi da shi?"

"Yana da shi. Amma ba a gaban jama'a ake faɗi ba."

Murdina ta yi tsaki ta shanye shayinsa da ya rage.

Ranald na jiran su a bakin tasha da motar haya. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, hancin MacOrran sak a fuskarsa. Ya riƙe hannun Dugald da hannu biyu, ya gaishe shi da harshenmu na Gelik, tsaf, ba tuntuɓe. Dugald ya waiwayi matarsa da wani irin kallo na kin ji ko.

"Baba Dugald, sannu da hanya. Mama, sannunku. Kawo sandar in riƙe maka."

"Bar min kayana, yaro, ban kai nan ba tukuna. A ina ka koyi magana haka?"

"Wurin kakata. Ta ce duk wanda bai iya ba, ba zai ci tuwon hatsinta ba."

A cikin mota Dugald ya jarraba shi. Ya jefa masa suna daga tsakiyar salsala, Ranald ya cafe ya ci gaba. Ya sake jefa wani daga can baya, zamanin da jiragen mutanen arewa suke kai hari gaɓar teku, ya sake cafewa. Kai, tsohon nan har ƙwalla ya yi don daɗi. Yaron kirki ne Ranald, ba mai musun wannan, kuma ba don neman sarauta ya haddace ba. So yake yi.

"Ɗalibaina sun fi son labarin jirgin," in ji Ranald. "Duk shekara sai sun sa na maimaita. Amma ina so in ji daga bakinka."

Ai ba sai an roƙi Dugald sau biyu ba. Ya gyara zama. Ya ce Orran ɗan gidan sarauta ne a Ireland, rigimar gado ta koro shi, ya sauka a Ulsay da jirgi ɗaya da mutane kaɗan. Ba komai a tsibirin sai duwatsu da iska. Da hunturu ya kama, yunwa ta shiga, mutanensa suka ce a koma gida ko bauta ce a yi. Orran bai yi musu da kowa ba. Ya sa aka jawo jirgin kan yashi kamar za a gyara, ya ɗauko wuta ya cinna masa. Ya tsaya yana ɗumama hannu har ya zama toka, sannan ya ce to, yanzu a nemi inda za a shuka sha'ir.

"Har yanzu in teku ta janye ana ganin baƙin yashi a wurin," Dugald ya ƙarasa.

"Sau ɗaya na gan shi, ina ƙarami."

"Za ka gan shi kullum yanzu. Yaushe za ka kwaso iyali ku dawo gida?"

Ranald ya kafa wa hanya ido.

"Gaskiya, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Yara na makaranta, matata na aikin asibiti, uwarta kuma ta tsufa. Amma duk bazara zan zo. Taron dangi ba zai taɓa wuce ni ba, na yi alkawari."

"To. Madalla," in ji Dugald.

Ya juya fuska wajen taga har suka isa. Murdina a kujerar baya ta buɗe baki, ta sake rufewa, abin da ba ta saba ba.

A barandar asibiti suka tarar da Ishbel, waya a kunne, takalman roba a ƙafa. Daga garken wani aka kira ta jiya, ko gida ba ta biya ba.

"Sa hannunka a hankali, Calum. Ƙafa biyu ka ji ko ɗaya? To mayar da kan baya tukuna. Haba, kada ka ja! Yawwa. Kira ni in ya fito."

Ta kashe wayar, ta rungumi Murdina, sannan ta ja Dugald gefe, kusa da taga. Idanunta sun yi ja.

"Baba Dugald, kada ka wahalar da kanka. Ka fara da Ranald. Babana ma ya san haka za a yi, mun yi maganar."

"Ni na ce miki ina wahala?"

"Fuskarka ta faɗa."

"Ke ba ki so ne?"

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Na so tun ina yarinya, ina laɓe bayan kujera ina jin ka kana jerowa a taron dangi. Na so ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma salsalarka ce, ka riƙe ta tsawon rayuwarka, ba na so a ce saboda ni ta karkace."

"In an ba shi, ke sai ki yi yaya?"

"In yi yaya kuwa? Jirgin yamma zan bi in abin ya wuce, tumaki na haihuwa. Ina zan je, Baba? Can za a binne ni."

Wayar ta sake ƙara. Ta ɗaga masa hannu ta juya baya.

Torquil ya rame ƙwarai. Mutumin da a da yake cika ƙofar coci, yau ga shi ɗan mitsitsi a cikin farin zanen gado, da robar iska a hanci. Amma bakin na nan. Tare suka tashi da Dugald, tare aka zane su a makaranta.

"Ka zo rage min matsayi, tsohon ɓarawon kifi?"

"Na zo, MacOrran."

Shugaba kaɗai ake kira da wannan suna tsurarsa, ba a haɗa shi da komai.

"Ka ga kilt ɗinka? Shayi ne ko wani abin?"

"Teku ce, ranka ya daɗe."

"Teku dai. To yi abin da ka zo yi, ni na gaji."

Ranald ya tsaya a dama, ya miƙe ƙyam, hannu a baya. Ishbel ta zauna a hagu ta riƙe yatsun ubanta. Murdina ta jingina da ƙofa. Torquil ya juya fuska wajen taga, ya ƙi kallon 'yarsa, kuma duk wanda ke ɗakin ya san dalili.

Dugald ya ajiye sanda, domin ba a jerowa a jingine. Ya ja numfashi, sunan Ranald na kan harshensa. Sai ya ji harshen ya yi nauyi.

Wata tambaya ce ta faɗo masa, wadda bai taɓa yi wa kansa ba duk tsawon shekarun nan. Ai Orran ma yana da uba. Kakanninsa sarakuna ne ma a can Ireland, sun fi mu komai. Me ya hana magabata su wuce da salsalar zuwa can, su yi ta taƙama? Ba mantuwa suka yi ba, mutanen da suka riƙe suna kusan arba'in a ka ba sa mantuwa. Da gangan suka yanke. Sun fara ƙirga daga mutumin da ya zauna.

Ya dubi Ranald, ya ji tausayinsa har cikin rai. Sannan ya ɗaga kai.

"Ishbel," ya ce, "'yar Torquil."

Murdina ta dafe baki. Dugald bai tsaya ba.

"Torquil ɗan Ewen, ɗan Hector Soja, ɗan Ewen Babba wanda ya hana a kori mutanensa daga gonakinsu, ɗan Lachlan Gurgu, ɗan Murdoch, ɗan Alasdair Ja..."

Muryar da ta fara da rawa ta zauna daram. Sunaye suka riƙa fitowa suna bin juna, na waɗanda suka mutu a yaƙi da na waɗanda teku ta ci, na masu hankali da na 'yan rigima, ba a ɓoye kowa ba domin duk namu ne. Ya wuce zamanin bindiga ya shiga zamanin takobi. Ya wuce masu gina ganuwa a kan dutse, ya wuce Gillespic wanda ya auri 'yar maharan arewa don a sami zaman lafiya, ya shiga can inda sunayen ke da nauyi a baki, waɗanda ba mai sa wa ɗansa yanzu. Wani tsoho a ɗakin da ke kallon nasu ya rage ƙarar rediyonsa. Dugald ya miƙe fiye da yadda ya miƙe a shekara goma da suka wuce, ƙirji a buɗe, shayi a kilt, bai tsallake ko ɗaya ba.

"...ɗan Fergus, ɗan Colla, ɗan Orran wanda ya ƙone jirginsa."

Ɗakin ya yi tsit, sai hucin na'urar iska.

Ranald ya yi ja har kunne. Abin ya yi masa zafi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Daga wata duniya ya taso saboda wannan ranar. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga nan ya zagayo gadon a hankali, ya tsaya gaban 'yar uwarsa, ya rusuna.

"MacOrran," ya ce mata.

Ishbel kuka take yi, ba ta ko share ba.

Torquil ya juyo da fuskarsa daga taga. Ya haɗe gira kamar mai jin haushi.

"Dugald."

"Ranka ya daɗe."

"Ka tsufa, muryarka ta mutu. Ban ji farkon ba."

Ƙarya yake yi. Mutumin nan ko raɗa aka yi a ƙarshen coci sai ya ji.

"In sake daga farko har Orran?"

"Wa ya tambaye ka Orran? Ai na kusa ganin sa da idona. Na farkon nan nake so. Maimaita."

Dugald ya share ido da bayan hannu, ya cika ƙirji da iska.

"Ishbel 'yar Torquil!"

Sai da wata nas ta leƙo a guje ta ce don Allah a rage murya, akwai marasa lafiya. Torquil ya lumshe ido, ya damƙe hannun 'yarsa.

"Ƙyale shi, 'yata," ya ce wa nas ɗin. "Dugald, ƙara ɗaya."