Mataccen Fulogi

Ranar da aka sallami Injiniya daga asibiti bayan aikin zuciya, likita ya kafa masa doka a gaban matarsa: ba ɗaukar kaya, ba fizgar abu da ƙarfi. Injiniya ya gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Malama, wadda ta shekara arba'in da ɗaya a gidansa, ta san wannan gyaɗa kan sarai. Haka ɗalibanta suke yi mata a aji kafin su je su aikata abin da suka ga dama.

Shi dai ba injiniyan takarda ba ne, makanike ne, sunan ya biyo shi daga gareji ya liƙe masa. Tun da ya bar aiki, duk ƙaunarsa ta koma kan wani jan injin yankan ciyawa da ke ɗakin ajiya. Ciyawar bayan gida kuwa, da ta ga ba mai tsawata mata, sai ta miƙe har ta fara haɗiye igiyar shanya. Malama ta lura da irin kallon da yake yi mata ta taga, ta tabbata wata safiya zai fita ya kama igiyar injin nan ya fizga da ƙirjin da aka ɗinke.

Hana shi da baki ɓata yawu ne. Don haka ranar da ya tafi aski, ta ɗauki sifana ta kwance sabon fulogin da ya sa wa injin kafin a kwantar da shi a asibiti, ta zaɓi matacce a cikin gwangwanin tsofaffi, ta goge shi tas ta ɗaura. Mutumin ba ya yar da komai, ga shi yau tarkacensa ya yi rana. Sabon ta jefa shi a aljihun jakarta. A lissafinta zai ja sau biyu, injin ya ƙi, ya haƙura. Har daɗi ta ji da wannan wayo nata.

Ranar Asabar da hantsi ya turo injin tsakar gida. Ya zaro ƙarfen awon baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi a rana. Ya juye tsohon fetur ya zuba sabo ta mazurari, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Ya ciro soson tace iska ya kakkaɓe. Ya durƙusa a hankali ya leƙa wuƙar, ya cire busasshiyar ciyawar da ta naɗe ta. Fulogi kuwa hularsa kawai ya danna ya wuce, don da hannunsa ya sa sabo, me zai duba? Sannan ya latsa ƙaramar robar da ke tura mai sau uku, ya matse ƙarfen da ke jikin mariƙi, ya yi bisimilla ya ja.

Injin ko tari bai yi ba. Ya sake ja. Ya kuma ja.

A nan lissafin Malama ya rushe. Ta manta cewa mijinta bai taɓa barin inji ya ga bayansa ba. Tana tsaye a tagar kicin da cokali a hannu tana ƙirgawa, bakwai, takwas, kowace fizga kamar a nata ƙirjin ake yi. Da ma a ce ta bar sabon, da ja ɗaya ya isa. A na goma sha ɗaya ta jefar da cokalin ta fita ba ko takalmi.

Kafin ta isa ya riga ya saki igiyar. Ya zauna a kan kifaffen bokiti, zufa ta jiƙe masa riga, yana kallon tafin hannuwansa. Ta tambaye shi ko ƙirjin ne, ya girgiza kai. Ya lissafa mata duk abin da ya duba, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa bai san inda ya kuskure ba. Bai yi faɗa ba, bai zagi injin ba, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan.

"Malama," ya ce a hankali, "ina jin ba zuciyar kaɗai suka taɓa ba. Shekara arba'in ina jin ciwon inji tun daga bakin ƙofa. Yau ɗan wannan ya gagare ni. Ki kira mijin autarmu ya zo ya kwashe kayan aikin nan, kada su yi tsatsa a banza."

Ta yi tsaron ƙirjinsa, ta je ta soke shi a inda ba likitan da zai iya ɗinkewa. Kunya da tausayi suka rufe ta. Ta shiga ɗaki ta dawo, ta buɗe hannunsa ta ajiye masa sabon fulogin.

Ya daɗe yana jujjuya shi. Ya dubi injin, ya dube ta. Ta tsaya tana jiran tsawa, ta kuma san ta cancanta.

"Ke kika kwance?"

"Ni ce."

"Da wace sifana?"

Ta gaya masa. Ya miƙa hannu ya zare hular fulogin, ya gwada tsohon fulogin da yatsu, ya ji shi gam. Sai ya ce aƙalla ta iya ɗauri, ya taɓa koyar da ƙarti shekara biyu ba su kai haka ba. Dariya ta taso masa, ya dafe ƙirji don kada ta ja ɗinkin, hawaye na bin gefen hancinsa. "Ashe ba ni ba ne," ya ce. Ya sake maimaitawa, wannan karon shi kaɗai yake gaya wa kansa.

"Awa shida na yi a bakin ɗakin tiyata," ta ce. "Gara ciyawar nan ta shigo mana har gado da in sake wannan zaman."

Ya kwance mataccen. Ya ɗaura sabon fulogin, ya mayar da hularsa har ta yi ƙas, ya latsa robar sau uku. Sannan ya ɗauki igiyar, ya ɗan tsaya da ita a hannu, ya miƙa mata.

Ya gyara mata tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Ya ce ta fara ja a hankali sai ta ji igiyar ta cije, daga nan ta fizga da kafaɗa gaba ɗaya, ba da gwiwar hannu ba, shi zai matse ƙarfen mariƙin. Fizgar farko ɗankwalinta ne ya tashi. Ya ce wannan jan zare ne, ba jan inji ba. A ta biyu injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama ruri har tantabarun maƙwabta suka watse.

Ita ta tura, shi yana tafe a gefenta da hannu ɗaya a kan mariƙin. Layin farko ya fito a karkace, ga tsibiran ciyawa nan da can. Injiniya, wanda a da yakan koma kan sili ɗaya idan ya tsere masa, ya waiwaya ya dubi ɓarnar. Ya sunkuyo daidai kunnenta saboda ƙarar injin.

"Ya yi kyau," ya ce. "Mu je na biyu."